Neman asalin gida a ɗakin karatu

Takardar haihuwar mahaifina ta ce an haife shi "wajen 1930". Haka takardun yawancin dattawanmu suke a Nijar, domin ba a rubuta haihuwarsu a ranarta ba, daga baya aka ƙiyasta. Kakata kuwa, Allah Ya jiƙanta, cewa take yi an yaye ta a shekarar Kakalaba.

Da irin waɗannan zantuka na shiga ɗakin karatu na garinmu. Ɗan'uwa, kada ka sa ran ganin sunan kakanka a littafi, sai fa in gidanku na sarauta ne. Abin da littafi zai ba ka shekaru ne. A nan na san Kakalaba yunwar 1913 zuwa 1914 ce, cewa Faransawa sun kama Zinder a 1899, kuma hedkwatar mulkinsu ta koma Yamai a 1926. Littafin André Salifou na 1971 a kan Damagaram ya taimake ni da zamanin sarakuna. Da haka maganar kakata ta samu mazauni.

A kula da rubutun Faransanci: Tasawa ta zama Tessaoua, Usman ya zama Ousmane. Wanda ya nemi suna yadda muke faɗarsa zai wuce shi bai sani ba.

Rahotannin kwamandoji suna ma'ajiyar tarihi ta ƙasa a Yamai, kuma za su jira ni. Gwaggona, wadda ita kaɗai ta rage da sanin sunayen kakannin kakanninmu, ta doshi shekara 90. Wurinta zan fara zuwa ranar Juma'a, da littafi da alƙalami.