Makon da Aka Buɗe Mana Daji

Litinin, 29 ga Maris, 2021

Yau aka janye dokar zaman gida a Ingila. Tun 6 ga Janairu muke cikin kullen korona na uku, amma daga safiyar nan mutum shida, ko gida biyu, na iya haɗuwa a waje, kuma an yarda a koma wasannin fili da ake shiryawa. Wannan na biyun nake ta jira. Da hantsi saƙo ya shigo daga masu dajin da muke wasa a cikinsa, can arewa da Birmingham: Asabar za su buɗe, sun rage yawan mutane, kuma ba mai shiga sai wanda ya biya ta intanet kafin ranar. Ban jira azahar ba na biya.

Wasan sunansa eyasoft. Ƙungiya biyu ne ke shiga daji ko tsohon gini da bindigogin wasa masu harba ƙananan ƙwallayen roba, faɗin kowanne milimita 6. Wata rana tuta ake nema a ƙwace, wata rana wani shinge ake tsarewa har lokaci ya cika. Ƙwallon ba ya barin fenti ko tabo a riga. Wanda aka harba shi kaɗai ya san an same shi, kuma shi ne zai ɗaga hannu ya faɗa da bakinsa ya fita.

Talata, 30 ga Maris

Zafi aka yi yau irin wanda ba a saba gani ba a Maris. Labarai sun ce an auna digiri 24.5 a lambun Kew da ke Landan, kuma rabon da a ga haka a wannan wata tun 1968. Na shimfiɗa tsohon bargo a bayan gida na zazzage akwatin kaya a kai.

Kayan wasa ma kulle ya taɓa su. Batir ɗaya ya kumbura. Batiran litiyam ba sa son doguwar ajiya. Ko an bar su a daidai ƙarfin da ya kamata, wajen bolt 3.8 a kowane ɗakin batir, a hankali suke tsiyayewa, kuma wanda ya kumbura ba a sake caja shi domin yana iya kama wuta. Na sa shi a gwangwani, sai ranar kai shi wurin karɓar irinsu. Ƙwallayen da suka rage a buɗaɗɗiyar leda su ma sun tashi aiki. Masu daji suna tilasta amfani da irin waɗanda ke ruɓewa a ƙasa, su kuma danshi suke sha, su ɗan kumbura, su maƙale a bututu. Ƙaramar bindigar gas tana tsiyaya ta gindi, robar da ke toshe ta ta bushe. Man silikon kawai take so.

Babbar kuwa lafiya lau. Ƙirar Tokyo Marui ce, kamfanin Japan da ya fito da bindigar wasa mai aiki da batir a 1991. Ba mamaki abin ya fito daga can. Dokar Japan ta 1958 ta kusan hana farar hula mallakar bindiga gaba ɗaya, sai masu sha'awar ƙirarta suka koma yin kwaikwayo da ba ya kisa, a shekarun 1970 kuma wasan ya fara tsayuwa da ƙafarsa. A ciki akwai ƙaramar mota da ke juya haƙora uku, su ja fistin baya a kan sifirin, su sake shi, iska ta tura ƙwallo. Abin da ya fi burge ni shi ne wata 'yar roba a bakin bututu da ke dannar ƙwallon ta sama yayin fita, ta sa ya riƙa juyawa da baya. Juyin nan ne ke ɗaga shi a iska, har abin da nauyinsa bai wuce kashi ɗaya cikin huɗu na giram ba ya yi tafiyar mita hamsin a miƙe. Idan ka danna robar da yawa ƙwallo ya tashi sama, idan ka sassauta ya faɗi a gabanka. Na daɗe a kanta ina gogewa, har yara suka gaji da kallo suka koma ciki.

Ban gwada harbi ba. Shingen gidanmu gajere ne, maƙwabta kuma duk suna waje suna shan rana.

Laraba, 31 ga Maris

Shagunan da ba na abinci ko magani ba sai 12 ga Afrilu za su buɗe, don haka ta intanet na sayi batir da ƙwallaye.

Rajistata ta UKARA ta mutu a cikin kullen. Dokar 2006 ta hana sayar da bindigar wasa mai kama da ta gaske sai ga mai hujja, kuma rajistar nan ta 'yan kasuwar eyasoft ita ce hujjar da aka fi amfani da ita. Ana samunta ne bayan an yi wasa aƙalla sau uku a fili ɗaya cikin lokacin da bai gaza wata biyu ba, kuma shekara ɗaya take yi. Wanda ba shi da ita, sai ya sayi wadda aka shafe fiye da rabinta da launi mai ƙyalli. Wasu 'yan wasa na ƙorafi a kan wannan tsari. Ni ina goyon bayansa. Abin da za a iya nuna wa mai kanti ya miƙa kuɗinsa cikin rawar jiki bai kamata ya yi saukin saye ba.

Alhamis, 1 ga Afrilu

Bayan magariba na kira Yaya a Kaduna. Mun gaisa, na tambayi Hajiya da yara, sai zance ya gangaro kan ɗaliban Afaka. Tun 11 ga Maris 'yan bindiga suka kwashe 39 daga kwalejin gandun daji, har yau suna hannunsu. Kafin su an kwashe ɗalibai a Kagara, da Jangebe, da Ƙanƙara. Yaya ya ce yanzu ko Zariya zai je sai ya yi ta addu'a a hanya.

Da ya tambaye ni me ake ciki a nan, na gaya masa batun Asabar. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Haba ƙanena. Mu muna nan bindiga ta hana mu barci, kai kana can kana biyan kuɗi ka yi wasa da ita?"

Na ce, "Yaya, ta roba ce."

Ya ce, "Na sani. Amma siffar ai ɗaya ce."

Maganarsa tana da nauyi, kuma ba yau na fara auna ta ba. Saboda ita ne ba na sa hotona da kayan wasa inda 'yan gida za su gani, ba na sa kaki mai kama da na sojan wata ƙasa, kuma duk ranar da aka shirya wasan kwaikwayon garkuwa da mutane ina zama a gefe. Amma ban yarda cewa abu ɗaya muke yi da masu tare hanya ba, ko da a siffa. Ɗan bindiga ya ɗauki makami ne don kada maganar kowa ta yi aiki a kansa. A dajinmu kuwa bindigar ba ta iya fitar da kowa. Kana iya zazzaga wa mutum ƙwallo ɗari, idan bai ɗaga hannu ya ce an same shi ba, yana nan cikin wasa. Duk tsadar kayan da mutum ya ɗauko, a kan gaskiyar abokin hamayyarsa ya dogara. Na yi ƙoƙarin faɗa wa Yaya haka. Ya ce Allah ya tsare, na ce amin, muka koma zancen kuɗin makarantar yara. Ban ce ya gamsu ba.

Juma'a, 2 ga Afrilu

Hutun Ista ne, ba aiki. Na samu gurbi a sahun Juma'a na biyu. Kowa da dardumarsa da takunkuminsa, da alwalarsa tun daga gida, tsakanin mutum da mutum akwai tazara, ana sallamewa kowa ya kama hanya ba musabaha.

Da dare na haɗa kaya. Bindigogi a cikin jaka mai zif, ba batir, ba ƙwallo, jakar kuma sai da gari ya yi duhu na kai ta but ɗin mota. Laifi ne a nan a fito da abin da ya yi kama da bindiga a bainar jama'a ba tare da dalili ba, kuma baƙar fata irina ya san ba zai so ya tsaya yana yi wa 'yan sanda masu makami bayani a bakin titi ba. Takardar biyan kuɗin wasa tana aljihun gaba.

Asabar, 3 ga Afrilu

Ni kaɗai a mota, domin har yanzu ba a yarda mutanen gida daban-daban su shiga mota ɗaya ba. Abokina ɗan Poland, wanda a da muke raba kuɗin mai, yana biye da ni a tasa. Zafin Talata ya wuce, sanyi ya dawo.

An rufe rumfar da muke taruwa mu sha shayi. Kowa bayan motarsa ne wurin shirinsa, an bar fili tsakanin mota da mota. A ƙofa ka nuna wayarka ga lambar manhajar korona, ka shafa man wanke hannu. Wurin auna ƙarfin bindiga ma ya canza: a da alƙalin wasa ne ke karɓa ya harba a na'ura, yau kai za ka harba yana kallo daga nesa. Iyakar wannan daji ƙafa 350 a daƙiƙa da ƙwallo mai nauyin giram 0.20, wato kusan jul 1.14, ƙasa da jul 1.3 da dokar 2017 ta yanke wa masu harbi a jere. Tawa ta nuna 328, aka miƙo mini alama na ɗaura da kaina.

Kafin bayanin ƙa'idoji, babban alƙali ya ce a yi shiru na minti ɗaya. Wani dattijo mai gyaran famfo, wanda ya fi kowa daɗewa a wurin, korona ta ɗauke shi a Janairu. Shi ne ya ara mini tabarau ranar da na fara zuwa, ya kuma nuna mini yadda ake tafiya a kan busasshen ganye da gefen ƙafa. Ban ji rasuwarsa ba sai yau. Sama da mutum 126,000 aka ce cutar ta kashe a Birtaniya, kuma duk watannin nan ina jin adadin a rediyo ban san yana ciki ba.

Aka karanto ƙa'idoji. Ba cire tabarau a cikin daji ko da ya yi hazo. Ba taɓa kowa. A da idan an harbe ka, ɗan ƙungiyarku zai dafa kafaɗarka ya ƙirga ka tashi. Yanzu tsayawa zai yi mita biyu daga gare ka ya ƙirga talatin da ƙarfi, wanda ke nufin duk abokan hamayya sun ji inda yake.

Wasan farko ya nuna mana abin da zaman gida ya yi wa jiki. Gangaren da muke hawa da gudu, yau rabinsa muka kai muna haki. Numfashi na bi ta saman takunkumi ya rufe tabarau da hazo. Itatuwa ba su yi ganye ba tukuna, maɓoya ta yi ƙaranci, ana hango mutum daga nesa. Ban daɗe ba ƙwallo ya same ni a wuya, zafi kamar cizon cinnaka. Na ɗaga hannu na yi ihu, na ji muryata ta tafi cikin itatuwa, sai na lura rabona da ɗaga murya haka tun bara.

Bayan hutun rana, da na yi azahar a gefen mota, aka ba mu tsaron wata gada ta katako. Ina kwance bayan wani kututture na hango wani saurayi yana rarrafowa ta cikin ƙaya, kusan mita arba'in. Na saki ƙwallo uku. A wannan nisa ƙwallon ya gama ƙarfinsa, ko ni ban ga inda suka sauka ba. Ba alƙali a kusa, 'yan ƙungiyarsa ba su ganinsa, kuma saura kaɗan ya isa inda zai buɗe musu hanya. Sai ga hannu ya taso daga cikin ƙaya. Ya miƙe, ya rataya bindigarsa, ya fara doguwar tafiyar komawa sansaninsu. Da ya zo wucewa ya nuna mini igiyar jakarsa, wai a nan ya ji ɗan taɓi, ya ce harbin ya yi kyau. Ban san sunansa ba, fuskarsa ma ban gani ba. Wannan nake nufi ranar Alhamis, kuma da Yaya yana kwance a bayan kututturen nan da ban buƙaci dogon bayani ba.

Ba kowa ne haka ba. Akwai wani mai kaya masu tsada da mutane suka yi ta kai ƙararsa. Ƙa'ida ita ce ba ka yi wa mutum ihu cewa ka same shi, alƙali kake gaya wa. Alƙalin ya zagaya ta bayansa ya harbe shi a baya don gwaji, mutumin ya ci gaba da harbinsa. Nan take aka fitar da shi, kuma bai dawo ba har aka tashi. Ba wanda ya yi masa dariya, ba kuma wanda ya roƙa masa.

Gadar dai an ƙwace ta daga hannunmu ana saura minti biyu.

Lahadi, 4 ga Afrilu

Cinyoyi sun ƙi lanƙwasuwa, da ƙyar na yi ruku'u da asuba. Jajayen tabo a wuya da hannu. Na goge bututu, na zazzage gidajen ƙwallo don sifirin ɗinsu ya huta, na sauke batir zuwa ƙarfin ajiya. Mun haɗa kuɗi a tsakaninmu don a kai wa matar dattijon nan. Abokina ɗan Poland ne zai kai, shi ya san gidan.

Litinin, 5 ga Afrilu

Dusar ƙanƙara ta ɗan zubo da safe, kusan mako guda bayan mun zauna a waje da 'yar shara. Gwamnati ta ce daga Juma'a kowa a Ingila zai iya karɓar kayan gwajin korona kyauta sau biyu a mako, kuma masu daji sun roƙi mu riƙa yi kafin mu zo. Zan yi.

Azumi ana sa ran Talata ta sama, 13 ga wata, kuma a nan zai kai wajen awa goma sha shida. Gudu a daji da ƙishirwa ba zai yiwu mini ba, don haka na kama gurbin Lahadi mai zuwa, daga nan sai bayan Sallah. Na kuma rubuta wa babban alƙali na tambaye shi ko suna buƙatar ƙarin mai sa ido a cikin watan, tunda wannan tsayuwa ce da rigar ƙyalli da usur, ba gudu. Ya amsa da la'asar cewa mutum biyu sun bar aikin a lokacin kulle, in zo da wuri ranar Lahadi ya nuna mini iyakokin dajin.