Tabarmar Kaka

Jiya da daddare wani abokina ya turo min hoton wata darduma ta Turawa, saƙar hannu, gefe guda ya tashi ya zama kujera har da majingini. Wai sabuwar fasaha ce. Na yi dariya, sai kuma jikina ya yi sanyi, don na tuna abin da na yi wa tabarmata a zangon farko.

Ranar da zan baro Dambam zuwa Azare karatu, Kaka ta miƙo min tabarmar kaba, saƙar hannunta. Kun san kaba dai, ganyen ƙaramar goruba. Sai an yanko, an shanya, an tsattsaga siri-siri, wani a rina shi da karan dafi ya yi ja, a yi ta saƙa, sannan a haɗa layi-layi. Lokacin idonta ya fara rauni, rabin aikin da lalube ta yi shi.

Ina shiga ɗaki da ita a hammata, wani ya ce, "Jama'a, ƙauye ya iso!" Aka kwashe da dariya. Wallahi har da ni a dariyar, abin da ya fi damuna ke nan yanzu. Na cusa ta ƙarƙashin gado, na je kasuwa na sayo ta roba.

Zafin Afrilu ne ya rama mata. Ba wuta, ba iska, katifa kamar an hura gawayi a ciki, ta roba kuma sai ta manne maka a baya da gumi. Ƙarfe biyu na dare na jawo ta na fita waje. Kaba ba ta riƙe zafi, ranar na yi barci har na kusa makara sallar asuba.

Daga nan ta zama komai. A shimfiɗe, gado ce. A naɗe, matashi ce, ko majingini in ka tokare ta da bango. In garau-garau ya sauka, ita ce teburi, mu shida a kewaye. A kanta muka yi karatun jarabawa ƙarƙashin darbejiya, mun yi jam'i a kanta ba adadi. Mai cewa ƙauye ya iso? Shi ya fi kowa aro, ko kakkaɓewa ba ya yi.

Da na je hutun ƙarshe na tarar Kaka ta daina saƙa, idon ya tafi. A gidanmu kaf babu wanda ya koya, ni ma ban taɓa zama kusa da ita na kalla ba. Ta tambaye ni ko tabarmar ta yi min amfani, na ce sosai, sauran labarin na haɗiye.

Yanzu bakinta ɗaya ya fara warwarewa. 'Yan Azare, 'yan Gadau, don Allah wa ya san mai gyaran tabarmar kaba? Ba sabuwa nake nema ba, wannan ɗin nake so a kama min bakinta.