Baƙin mai na injin ban ruwa

Mai karatu, ka san Bonkuku garin dankalin turawa ne. Da an gama girbin hatsi, kowa sai ya gangara fadama. Ruwan Dallol Boso ba shi da nisa a ƙasa. Da, guga muke ja. Yanzu injin ban ruwa ke yi mana aikin. To amma inji nawa ka gani sun tsufa kafin lokacinsu?

Cikin inji ƙarfe ne ke gogar ƙarfe. Baƙin mai shi ke shiga tsakaninsu, ya hana su cin juna. In man ya cika ruwa-ruwa, da inji ya yi zafi sai ya tsinke, ƙarfe ya taɓa ƙarfe. In kuma ya cika kauri, ba ya saurin hawa sama da safe. Dubi man shanu a ƙwarya ranar hunturu. Haka baƙin mai mai kauri ke yin nauyi cikin sanyin Disamba da Janairu, lokacin da ban ruwa ya fi yawa. Ka ja igiya, inji ya tashi, mai bai kai ko'ina ba tukuna. A ɗan lokacin nan inji ke cin kansa ƙwarai. Ba ka ji, ba ka gani. Sai bayan shekara biyu ko uku ya fara hayaƙi, yana shan mai, ƙarfinsa ya ragu.

Nan karatunka zai yi maka rana. Ɗauki galan ka duba. Za ka ga 10W-30, ko 15W-40, ko 20W-50. Lambar farko, mai W, tana faɗin yadda man ke gudu cikin sanyi. In ƙarama ce, ya fi saurin gudu. Ta biyu tana faɗin kaurinsa in ya kai zafin digiri 100. In babba ce, ya fi kauri.

Mutane da yawa na cewa: "Ƙasarmu da zafi, a zuba mai kauri kawai." Da ɗan gaskiyarsu, don a Afrilu zafi na wuce digiri 40. Amma ni dai na fi yarda da littafin da ke zuwa cikin kwalin inji. Ƙananan injunan Honda, 10W-30 littafinsu ke cewa. Yana kuma cewa a juye man sabon inji bayan awa 20, daga nan duk awa 100. Da ƙurarmu ta Kurfai, gara ma kada ka bari ya kai haka.

Man da ake aunawa a kwalba bakin hanyar Baleyara ko Filinge kuwa, ba lamba a jikinsa. Me za ka karanta? Ka ce a nuna maka galan ɗin da aka tsiyayo shi. In an ƙi, ka wuce gaba.