In mota ta mutu bisa hanya

Ɗan'uwa mai karatu, ko ba ka da mota, kana shiga mota. Ranar kasuwa ita ke ɗaukar buhunanka. In ciwo ya tashi da dare, ita ke kai maras lafiya likita. Motocin ƙauye kuwa da yawansu tsofaffi ne. Peugeot 504 ta fito a Faransa tun 1968, daga baya aka riƙa harhaɗa ta a Kaduna. Irin waɗannan masu karbiratar nake nufi. Sababbin motoci aikinsu dabam ne.

Ni ba bakanike ba ne, malamin yaƙi da jahilci ne. Amma aikina ya sa na sha hanya tsakanin Maraɗi da Damagaram. Na sha zama gindin itace ina kallon direba da yaransa. Abin da na koya nake son ba ka.

Inji yana son abu 3: mai, iska da wuta. Mai da iska suna haɗuwa cikin karbiratar. Buji ke ba su wuta su kama. In ɗaya ya yanke, mota ta mutu. To, yadda ta mutu shi ke nuna inda ciwon yake.

Kafin bincike, sai ceton rai. In inji ya mutu ana cikin gudu, birki na yin tauri bayan an taka sau ɗaya ko biyu. A taka da ƙarfi, a gangara gefe. Kar a murɗa makulli har ƙarshe, don sitiyari na iya kullewa. Fasinja su sauka nesa da kwalta. A sa alama gaba da baya.

Na farko: in mota ta yi ta tari, tana fizga, sannan ta mutu sannu-sannu, a tuhumi mai. A duba tanki da ido ko da sanda mai tsabta, don allurar tsohuwar mota na yin ƙarya. In da mai, a duba matatar mai, wadda ake ce ma filtir. Datti na toshe ta. Man kwalba na bakin hanya wani lokaci da ruwa ciki. Ruwa ya fi mai nauyi, sai ya kwanta ƙasan tanki, famfo ya jawo shi. Akwai kuma wani abu ƙarami. Tanki yana da ɗan rami na shan iska. In ya toshe, mai ba ya tafiya. Buɗe murfin: in ka ji ya ja iska, kuma mota ta tashi, ka gano ɓarawon.

Na biyu: in ta ɗauke gaba ɗaya kamar an hure fitila, a tuhumi wuta. A taɓa kawunan batir. Gargada na kwance su, farin gari kuma na cin su. A bi waya daga bobin zuwa delko, a ga ko ta fita. In mota na mutuwa in ta yi zafi, ta kuma tashi in ta huce, sau da yawa bobin ce ko kondansatar. Wani lokacin kuma mai ne ke tafasa cikin tiyo saboda rana.

Na uku: in tana baƙin hayaƙi, ba ta da ƙarfi, a duba matatar iska. Ƙurar hunturu na shaƙe ta.

Na huɗu: dubi fitilun gaban direba. In ja mai hoton batir ta kama ana cikin tafiya, batir ba ya samun caji. Wataƙila bel ɗin fanka ya tsinke. A tsofaffin motoci shi ne kuma ke juya famfon ruwa. A tsaya nan take. In allurar zafi ta kai ja, kar a buɗe radiyatar sai inji ya huce. Ruwan na ƙone fuska. In ja mai hoton buta ce, man inji ne. Wanda ya ci gaba da tafiya zai sayi inji.

Me ya sa na kawo wannan cikin littafin karatu? Na ga mai mota da ya canza buji, ya canza batir, ya kashe jikkuna, mota ba ta daina mutuwa ba. Ashe filtir ce, wadda kuɗinta bai kai na batir ba ko kusa. Bakanike kamar likita yake. In ka ce masa "ta mutu" kawai, sai ya yi ta lalube da kuɗinka.

Yanzu ka iya rubutu. Aje ɗan littafi cikin mota. Duk ranar da ta mutu, rubuta: da sanyi ko da zafi? Ta yi tari ko ta ɗauke? Ina aka sha mai? Wace fitila ta kama? Bayan minti nawa ta tashi? Kai wa bakanike takardar, ya karanta kafin ya ɗauki sifana.