Amanar Da Na Kai Tsibirin Panya



Duk wanda ya tashi a unguwar Hausawa ta New Bell a nan Duwala ya taɓa jin tsofaffi suna ambaton Panya. Wannan shi ne tsibirin da Turawa suke kira Fernando Po, wanda yanzu ake ce wa Bioko, a ƙasar Ikwatoriyal Gini. Nisansa da gaɓar Kamaru bai wuce kilomita 32 ba, har in gari ya washe mutum yakan hango dutsensa daga Limbe. Amma a gidanmu ya fi Makka nisa, domin kuwa mutum shida sun je hajji sun dawo, babu wanda ya taka Panya tun 1976.

Kakana mahauci ne, haifaffen ƙasar Zazzau. Ya zauna a Duwala ya yi aure, aka haifi mahaifina, sa'an nan ya ji labarin ana samun kuɗi a tsibiri. Tun 1942 Ingila da Sifen suka ƙulla yarjejeniyar kai leburori daga Nijeriya zuwa gonakin koko, yawancinsu Ibo da Ibibiyo da Efik. Inda leburori suka taru kuwa ana bukatar nama. Sai ya haye ya kafa tukubarsa a Santa Isabel, garin da aka sauya wa suna zuwa Malabo a 1973. A can ya auri wata mace 'yar ƙabilar Bubi, ta haifa masa 'ya a 1962.

Ƙasar ta sami mulkin kai a 1968, Macias Nguema ya hau, abubuwa suka lalace. Da cin zarafin baƙi ya yi yawa, Nijeriya ta aiko da jiragen ruwa ta kwashe mutanenta a ƙarshen 1975 da farkon 1976. Kaka takardun Nijeriya gare shi, sai aka sauke shi a Kalaba, daga nan ya lallaɓo ya dawo Duwala da rigar jikinsa. Matar da yarinyar ba su fito ba. Ya yi ta aika wasiƙa, babu amsa. Kafin ya rasu a 1988 ya tara 'ya'yansa ya ce ɗakin da ke bakin zaure na Auta ne, a riƙa ba da shi haya ana tara mata kuɗin. Kowa ya ce ya yarda.

Mahaifina ya riƙe wannan magana shekara 33. Yana da wani littafin rubutu irin na 'yan makaranta, kowane wata sai ya ja layi ya rubuta abin da ya karɓa. Ko a 1994 da aka karya darajar sefa, tuwo ya yi wuya a gidanmu, bai taɓa ko dala ba. Da ciwon ajali ya kama shi a 2021, sai ya miƙa mini littafin ya ce, "Kai ne malami, kai ka iya tambaya. Ka nemo gwaggonka."

Ba zan ɓoye muku ba, na yi shekara biyu ina jan ƙafa. Kuɗin sun haura sefa miliyan biyu, ga kwanon ɗakina yana yoyo, ga 'ya'ya uku a sakandare, albashin malamin firamare kuwa kun san shi. Wasu cikin dangi suka ce wa ya sani ko tana da rai, a raba kawai a yi mata sadaka. Zuciyata ta so maganar. Abin da ya hana ni shi ne, kullum ina tsayawa gaban allo ina gaya wa yara su mayar da alƙalamin da suka tsinta.

A dogon hutun 2023, bayan wahalar takardu, na hau jirgin sama. Kamar rabin sa'a muka yi muka sauka. Na ga dutsen Basile, mai tsawon sama da mita 3,000, ya lulluɓe da gajimare, ruwa kuwa kamar da bakin ƙwarya. Ban jin Sifaniyanci, amma mutanen gari suna yin Pichi, wanda ya yi kama da Pijin ɗinmu, da shi na yi ta tambaya. Kuɗinsu ma sefa ce irin tamu tun 1985. Na yi abin da kowane Bahaushe yake yi a baƙon gari, na nemi masallaci. Bayan la'asar aka haɗa ni da wani dattijo wanda ya yi yaron mahauta a zamanin Kaka. Da na faɗi laƙabin Kaka sai ya dafa kafaɗata ya yi shiru. Can ya ce matar ta koma garinsu Batete da yarinyar, kusa da Luba.

Washegari na shiga mota, tafiyar kamar kilomita 50 zuwa Luba, sa'an nan muka hau tudu ta cikin tsofaffin gonakin koko da daji ya cinye. Batete ƙaramin gari ne mai wani tsohon coci na katako. A bayan wani gida na tarar da ita tana feraye gwaza. Ban bukaci a nuna mini ba, goshin mahaifina ne da wushiryarsa. A wuyanta kuma akwai sarƙa mai gicciye.

Na durƙusa na ce, "Gwaggo, ina wuni?" Ta dube ni ba ta gane ba. Na yi mata bayani da Pijin, na fito da hoton Kaka. Ta riƙe shi ta daɗe tana kallo, sa'an nan ta ce da Hausa tsantsa, "Auta, zo ki ci." Abin da ya rage mata na harshen ubanta ke nan. Ta ce shekarunta 13 ranar da aka tafi da shi, ta bi motar da gudu har ta faɗi. Wasiƙa ko ɗaya ba ta iso ba, sai ta ɗauka ya manta da su. Ta shiga ɗaki ta ɗauko wuƙar fawarsa, ƙotar ta sha hannu har tana ƙyalli.

Wannan gicciye ya hana ni barci, saboda na san saɓanin addini yana hana gado. Na koma Malabo na tambayi limamin. Ya saurare ni sarai, ya ce, "Malam, ɗakin ya kai sulusin dukiyar?" Na ce bai kai ba. Ya ce, "To, ai wasiyya ce, kuma wasiyya tana halatta ga wanda ba ya gado, ko da ba Musulmi ba ne. Ga shi magada sun yarda tun farko. Kai ɗan aike ne, kai mata abinta." Na ji kunya, don na gane wani ɓangare na zuciyata ƙofar fita yake nema.

Na koma na ƙirga mata kuɗin gaban 'ya'yanta biyu. Ta tura su gefe ta jawo littafin. Ta riƙa bin layukan da yatsa, wata bayan wata, shekara bayan shekara, tana kuka. Ta ce, "Ɗana, ashe kowane wata ana tunawa da ni." Littafin ta roƙa in bar mata, na bar mata. Wuƙar kuma ta ce in kai gida, yanzu tana rataye a zaurenmu.

'Yan'uwa, mu mutanen zango kakanninmu matafiya ne, kuma kusan kowane gida akwai wanda aka bari a wani gari. Zumunta a ƙafa take. Ku zauna da tsofaffinku tun suna da rai, ku rubuta sunayen garuruwa da na mutane, domin da dattijon nan na masallaci ya riga ni tafiya, da har yau ina yawo da amanar mutane. Kwanon ɗakina har yanzu yana yoyo, kuɗin hayar kuwa duk bayan wata uku nake aika mata.

Allah ya jiƙan magabatanmu, ya ba mu ikon sauke abin da suka ɗora mana, amin.