Amaryar Masko

A 1983 yayana ya dawo daga Tarayyar Sobiyet da digirin injiniya da kuma mata. Digirin mun san da zuwansa, don da tallafin karatu ya tafi Jami'ar Patrice Lumumba da ke Masko, a zamanin da Rashawa ke gina kamfanin ƙarafa na Ajaokuta. Matar kuwa sai a wasiƙarsa ta ƙarshe ya ambace ta, can ƙasa bayan gaisuwar kowa da kowa.

Baba bai taɓa maganar launin fatarta ba. Tambayarsa ɗaya ce: "Tana da addini?" Malamin unguwarmu ya ce auren Kirista ko Bayahudiya ya halatta, amma ƙasar 'yan gurguzu ce, an ce ba su yarda da Allah ba. Da aka bincika, ashe kakarta ta kai ta coci a ɓoye tana jaririya an yi mata baftisma. Aka sake ɗaura aure a zaure, da goro da sadaki.

Inna ce ta ƙi saukowa, kuma tana da dalilinta: tuni ta yi wa ƙanwarta alkawarin za a haɗa yayana da 'yarta. Ita ma amaryar ba ta sauƙaƙa wa kanta ba. Ranar farko a tsaye ta miƙa wa Baba hannu, sannan ta kwaɗa wa mijinta kira da sunansa a gaban uwarsa, alhali ita kanta Inna ba ta faɗin sunan, ɗan fari ne. Matan maƙwabta suna ta sallama da sunan aron turmi, yara suna leƙe ta katanga suna ihun "Baturiya!" In ta yi girki, Inna sai ta ce ta ƙoshi.

Abin da ya fara karya Inna layi ne. A 1984, lokacin mulkin soja na Buhari, madara da sukari da sabulu sai an bi layi, soja na tsaye da bulala. Mu abin ya zo mana baƙo, amaryar kuwa a cikin layi ta girma. Tun asuba za ta yafa mayafi ta fita da jakar raga, ta dawo da rana fuska jajir, kaya a hannu. Na ji Inna da kunnena tana ce wa Gwaggo, "Ashe yarinyar nan ta san wahala." Duk a zatonmu Bature ba ya shan wuya.

Da ta haihu, Inna da kanta ta yi mata wankan jego, ruwa yana tururi, ganyen darbejiya a hannu. Ta daure wa wankan har arba'in, amma kunun kanwa ta ce ko kusa. Suka yi ta rigima a kai, irin rigimar uwa da 'ya.

A 1991 ƙasar da ta ba ta fasfo ta rushe, daga baya ta karɓi takardar zama 'yar Najeriya. Sashe na 26 na tsarin mulkin 1999 ya ba baƙuwar da ta auri ɗan ƙasa wannan dama, amma bai ba baƙon da ya auri 'yar ƙasa ba. Gidanmu ma haka ya yi. Da 'yar yayana ta kawo wani Bajamushe musulmi da suka haɗu wajen karatu, yayana ne ya tubure, wai ba mu san asalinsa ba. Matarsa ta dube shi, ta ce da Hausarta ta Kano, "Alhaji, ni nawa asalin wa ya sani?" Sai da Gwaggo ta sa baki kafin ya yarda. An yi bikin a Kano, kuma har yau in za su zo Salla, angon sai ya nemi biza.