Da'irar da Babu Ita a Gona

Binciken da ya kai ni matsayin babban malami a jami'a a kan da'ira na gina shi. Aikina shi ne tsara yadda ƙananan na'urorin auna danshin ƙasa za su riƙa miƙa wa juna saƙo ba tare da waya ba, daga wannan zuwa waccan, har ya isa kwamfutar mai gona. A manhajar ns-2 na gwada tsarin, kamar yadda akasarinmu ke yi a lokacin. In ka bar ta yadda ta zo, kowace na'ura tana jin duk wadda ke cikin mita 250 da ita, ta kowace fuska. Na rage faɗin don ya dace da ƙananan na'urori, amma da'irar na bar ta da'ira. Sakamako ya yi kyau, mujallu suka karɓa, aka yi mini ƙarin girma.

Ba rashin sani ba ne. Tun 2003 David Kotz da abokan aikinsa a Kwalejin Dartmouth ta Amurka suka ja kunnen masu bincike cewa siginal ba ya yaɗuwa a da'ira, kuma jin wani ba ya nufin shi ma yana jin ka. Na karanta takardar, har na ambace ta a rubutuna. Sai dai fita fili yana cin kuɗi da lokaci, ni kuma adadin takardu nake ƙirgawa.

Wani ɗalibina ne ya nace mu gwada a gonar dawa, cikin watan Agusta. Muka ɗaure na'urorin a kan sanduna, muka zauna ƙarƙashin darbejiya da kwamfuta. Saƙonni suka riƙa ɓacewa.

"Malam," in ji shi, "ta bakwai tana jin ta huɗu, amma ta huɗu ba ta jin ta bakwai."

Na ce batir ne. Ya canza. Na ce bai ɗaura eriya daidai ba, har na ɗaga masa murya. Ya shiga cikin dawa, raɓa ta jiƙa shi har ƙugu, ya gyara abin da ba shi da laifi, ya dawo bai ce uffan ba.

Sai na karɓi kwamfutar na bi bayanan layi-layi. Abin da ya faɗa haka yake. Jiƙaƙƙen ganye yana shanye siginal na gigahaz 2.4, ƙasa tana maido da wani ɓangarensa, na'urori biyu 'yan kamfani ɗaya ma ƙarfin aikawarsu da na jinsu ba ɗaya ba ne. A bakin iyaka, wannan ɗan bambancin ya isa hanya ta zama mai tafiya ɗaya. Tsarina kuwa dole amsa ta dawo ta inda saƙo ya bi. Gabana ya faɗi. Ba ƙaramin gyara ake magana ba. Tushen ne babu. Na tuna ɗaliban da na sa suka ɗora digirinsu a kansa, na dubi yaron nan da wandonsa duk laka, na ba shi haƙuri.

Daga baya na wallafa abin da muka auna a gonar, sunansa a gaba.

Kai da ke shirin aika takardarka ta farko, ari na'ura ko da biyu ce, ka fita da su fili kafin ka aika.